Kafin ka yanki tikitin Yuli ko Agusta: yadda ake zaɓar watan tafiya waje saboda zafi da gobarar daji

Duk wanda nace masa ya duba yanayin zafi kafin ya sa ranar tafiya, amsa ɗaya nake samu, "haba malam, ni fa ɗan Sakkwato ne, wane zafin Turawa ne zai bani tsoro". Nima haka na taɓa faɗa da bakina. Ƙarshen watan Yuli na sauka a wani gari a Italiya, na kama ɗaki mai araha a hawa na ƙarshe na wani tsohon gini, ba esi, sai wata 'yar fanka da idan ta juya kamar numfashi take hura maka, wallahi kwana uku nayi ina jiƙa tawul ina shimfiɗawa a jikina kafin barci ya ɗauke ni, ni da na tashi a gidan da ake kwana a tsakar gida tun daga Maris har ruwa ya sauka. A can ba tsakar gida, ba ƙofar gida da zaka fitar da tabarma, ba randa. Araha bata ado, na gane.

Toh abu na farko da zakayi shine ka juya kalandar da ke kanka. Mu a nan bazara Maris zuwa Mayu ce, daga Yuni ruwa ya sauka gari yayi sanyi, Agusta kuwa marka ce, har bargo wasu ke ja. Shi yasa idan yara sukayi dogon hutu a Yuli, jiki baya gaya maka cewa akwai wani zafi a duniya. Amma ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum da na kusa da shi, wato Girka, Turkiyya, Saifurus, Italiya, Sifen, Fotugal, kudancin Faransa, har da Aljeriya da Maroko da Tunisiya, nasu tsarin akasin namu ne: ruwan samansu da sanyi yake zuwa, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, daga Yuni zuwa Satumba kuma rani ne ƙayau. Kenan lokacin da kake baro damina mai daɗi a Kano ko Maraɗi, kai tsaye cikin bazararsu kake faɗawa, kuma lokacin ne tikiti da otal suka fi tsada saboda suma hutunsu kenan. Ka biya kuɗi mai yawa ka sayo wahala.

Kuma ba wasa bane zafin. A tsibirin Sisili na Italiya an auna digiri 48.8 a watan Agustan 2021. Agadir a Maroko ta kai 50.4 a Agustan 2023. Ingila da muke ji ana cewa kullum hadari, a Yulin 2022 ta haura digiri 40 karon farko a tarihinta, har filin jirgin Luton ya dakatar da tashi na wasu awanni saboda zafi ya ɓata wani sashe na titin jirgi, jiragen ƙasa kuma aka rage musu gudu don ƙarfen dogo yana lanƙwashewa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa zafin bazarar 2022 kaɗai ya kashe mutum sama da 60,000 a Turai, yawancinsu tsofaffi.

Zaka ce ai 40 ba komai bace, Maiduguri ma tana wuce haka. Gaskiya ne, amma ka lura da abu uku. Gidajensu, musamman na arewacin Turai, an gina su ne don su riƙe ɗumi, bango mai kauri, gilashi biyu, kuma mafi yawa babu esi, duk zafin da ya shiga da rana yana nan yana jiranka da dare. Sannan rana bata faɗuwa da wuri, a Landan cikin Yuni sai bayan tara na dare ake magariba, a Atina wajen tara saura, saboda haka ƙololuwar zafin ba azahar bace kamar yadda ka saba, tana kaiwa la'asar sakaliya. Na ukun kuma shine wanda yafi kayar da mutane: a gida kasan yadda ake zama da zafi, ana idar da azahar kowa ya nemi inuwa, ba mai hankalin da zai kama yawo ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, amma baƙo da ya biya kuɗin jirgi gani yake asara ce ya zauna a ɗaki, sai ya kwashi iyali a hau dutse kallon kufai da tsakar rana. Hukumomin Girka da kansu sun rufe Akropolis, tsohon kufan da ke kan dutse a Atina, da tsakar rana a Yulin 2023 saboda mutane na sumewa a layi.

Maganar wuta kuma

Wannan ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun santa. Da hunturu idan ciyawa ta bushe, iska ta taso, yaro ɗaya mai neman gafiya ya ƙyasta ashana, kafin kace kwabo karan gonar mutum goma ya tafi. Haka take a can, bambancin kawai dajin nasu itatuwa ne masu tsayi da mai a jikinsu, irin su fayin da turare, wutar tana hawa sama tana tsalle daga kan wannan bishiya zuwa waccan, iska kuma tana ɗaukar garwashi ta jefa shi can gaba nesa ya kunna sabuwa. Masu kashe gobara suna da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa, talatin uku: zafi ya wuce digiri 30, laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 30, gudun iska ya wuce kilomita 30 a awa. Idan ukun nan suka haɗu a rana ɗaya, ranar wuta ce. Duk manhajar yanayi da ke wayarka tana nuna lambobin nan uku, kawai dai bamu saba kallon biyun ƙarshe bane.

A Yulin 2023 wuta ta tashi a tsibirin Rodos na Girka, aka kwashe mutum wajen 19,000, masu yawon buɗe ido suna jan akwati a ƙasa cikin hayaƙi, wasu aka ɗebe su ta jirgin ruwa daga bakin teku, suka kwana a makarantu da filin jirgi. Wata ɗaya bayan nan ta yankin Evros kusa da iyakar Turkiyya ta cinye fiye da hekta 90,000, ita ce mafi girma da aka taɓa rubutawa a Tarayyar Turai, kuma cikin waɗanda suka mutu akwai baƙin haure da suka ɓuya a dajin bayan sun tsallako iyaka, Allah sarki. Turkiyya ta sha tata a ƙarshen Yuli zuwa Agustan 2021, yankin Manavgat kusa da Antalya da kuma Marmaris, daidai wuraren da mutanenmu ke zuwa hutu yanzu. Aljeriya a wannan Agustan ta rasa mutane da dama har da sojoji a yankin Kabiliya. A Yulin 2025 an rufe filin jirgin Marsel na Faransa saboda wuta ta iso bakin gari. In kaga gemun ɗan uwanka ya kama, kasan sauran.

Wane wata kenan

Ga kudancin Turai da Turkiyya da arewacin Afirka, ni dai shawarata tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, ko kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Cikin biyun nafi son na farko, saboda ƙasa tana da sauran danshin ruwan sanyi, ciyawa kore ce bata kama wuta da sauƙi, kuma ga riba biyu, ka gudu daga zafin Afrilun gida. Satumba tana da daɗi amma daji ya gama bushewa, wuta na iya tashi har sai ruwan farko ya sauka, Fotugal ta ga mummunar gobara a tsakiyar Oktoban 2017.

Saudiyya ita ce tafi shafarmu. Hajji dai ba kai ke zaɓa masa wata ba, lokacinsa yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, kuma shekarun nan ya faɗo cikin zafi. A hajjin 2024 an auna 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari kuma waɗanda basu da izinin hajji ne, basu da tanti mai sanyi, basu da mota, tafiyar ƙasa sukayi a rana. Dan Allah duk wanda yake tunanin bin ɓarauniyar hanya da bizar ziyara ya tsaya ya ƙara karanta layin nan. Umara kuwa a hannunka take, in da tsoho ko mai hawan jini ko mai suga a tawagar, ku nufi Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai ku riƙe rigar sanyi don Madina da asuba ba sauƙi. Azumi ma yanzu ya gangaro wajen Fabrairu da Maris, masu umarar azumi sun dace.

Dubai daga Yuni zuwa Satumba zafi ne haɗe da gumi, irin wanda zaka fito daga mota gilashin idonka yayi hazo. Gwamnatinsu da kanta tana hana aiki a rana daga sha biyu da rabi zuwa uku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Otal yana araha lokacin, in saro kaya ne kawai zai kaika kuma zaka iya fita bayan magariba, ba laifi, amma ba lokacin kai yara bane. Masu Chaina kuma, baje kolin Kanton a Guwanzu ana yinsa tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, na Oktoban yafi daɗin yanayi.

Indiya sai an ɗan tsaya, saboda yawanci asibiti ke kai mu. Delhi daga Afrilu zuwa Yuni wuta ce, tana wuce 45. Sai mutum yace bari in bari sai Nuwamba, toh a nan kuma wata matsalar ce, manoman Punjab da Haryana suna ƙona karan shinkafa bayan girbi, hayaƙin ya haɗu da na motoci ya zauna a kan birnin, har makarantu ake rufewa. Mai ciwon ƙirji ko zuciya ko asma bai kamata ya sauka Delhi a Nuwamba ba in da yadda za'ayi. Fabrairu da Maris sun fi. In aikin na gaggawa ne ba maganar jira, lafiya ce gaba, amma in na bibiya ne ka roƙi likita ya matsa ranar.

Kanada da yammacin Amurka, wutarsu Mayu zuwa Oktoba ce galibi. A 2023 Kanada tayi asarar daji mafi girma a tarihinta, sama da hekta miliyan 15, hayaƙin ya gangaro har New York a farkon Yuni sama ta koma ja kamar ƙurar da ke gaban hadari, jirage suka yi ta jinkiri. Darasin nan shine ba sai wuta tana kusa da kai ba, hayaƙi kaɗai ya isa ya ɓata tafiya. Ƙasashen kudu kuma komai a kife yake, Ostireliya da Afirka ta Kudu zafinsu Disamba zuwa Fabrairu ne, Cape Town tana iya kaiwa Afrilu ma, a Afrilun 2021 ne wuta ta sauko daga dutsen da ke bayan birnin ta ƙone ɗakin karatu na jami'ar garin mai tsofaffin takardun tarihin Afirka.

Amma fa kalanda ta fara ƙarya

Duk abin da na lissafa sama "galibi" ne. Kordoba a Sifen ta kai 38.8 a ƙarshen Afrilun 2023, watan da nace maka mai daɗi ne. Los Angeles ta ƙone a Janairun 2025, tsakiyar lokacin sanyinsu da ya kamata ace ruwa ake, saboda an yi wata takwas ba ruwan kirki sai busasshiyar iskar Santa Ana ta taso, gine-gine sama da 16,000 suka tafi. Saboda haka zaɓen wata rabin aiki ne, sauran rabin bincike ne.

Ga yadda nake yi. Tun kafin in biya kuɗi ina tambaya ko an samu ruwa sosai a yankin a watannin baya, in ɗan uwa ko ɗalibi namu yana can shi nake kira, yafi kowace manhaja, in yace "wallahi bana ko ruwa ba'ayi ba, ciyawa tun Mayu ta koma ruwan ƙasa" toh na san inda aka dosa. Saura kwana goma tafiya sai in fara duba hasashe kullum, don wanda ya wuce kwana goma canki-canka ne. Turai suna da shafin Meteoalarm mai nuna gargaɗi da launi, rawaya, ruwan lemo, ja. Akwai EFFIS na Tarayyar Turai mai taswirar haɗarin wuta, akwai FIRMS na hukumar NASA da ke nuna ɗigon ja duk inda tauraron ɗan adam ya hango wuta a duniya, ko dajin garinku ka duba da hunturu zaka gani. Girka kullum a lokacin rani tana fitar da taswira mai mataki ɗaya zuwa biyar, in yanki ya kai huɗu ko biyar ana hana shiga daji. Na hayaƙi kuma shafin IQAir mai auna gurɓatar iska, lambar in ta wuce 150 kowa ma ya rage fita ba mai asma kaɗai ba. Kuma kar ka duba zafin rana kawai, duba na dare, in dare baya sauka ƙasa da 25 kuma ɗakin ba esi, ka san ba barci.

Ɓangaren kuɗi, a nan ake kuka. Ka ce wa ejan ɗinka ya yanko tikitin da ake iya canza masa rana ko da ƙarin kuɗi kaɗan ne, kuma ya nuna maka sharuɗɗan a rubuce, kar ka yarda da "ba matsala Alhaji" ta baki, na taɓa yarda da ita. Otal ka kama wanda ake iya sokewa kyauta har saura kwana biyu ko uku, ka tura musu saƙo ka tambaya ƙarara ko esi yana cikin ɗakin ne ko a falon karɓar baƙi kawai, don ana wannan wayon. Bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, dole sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, mutane da yawa suna ɗauka ta rufe komai, alhali asibiti ce kawai, in wuta ta sa ka fasa tafiya ko ka rasa kwanakin otal ba ruwanta, sai in ka sayi wadda ta haɗa da soke tafiya, kuma ka saye ta kafin wutar ta tashi, in ta riga ta shiga labarai ba zasu biya ba. In kamfanin jirgi ne ya soke tashi daga Turai saboda wuta, doka ta ce su mayar maka da kuɗinka ko su sa ka a wani jirgin, amma diyya ta daban babu tunda ba laifinsu bane. In kuwa jirgi zai tashi kai ne tsoro ya hana ka, asararka ce. Wani abu kuma, ana karɓar takardar neman Shengen tun saura wata shida, ka nema da wuri ka roƙi 'yan kwanaki na rara a kan ainihin tafiyar, don in aka rufe filin jirgi kwana biyu kar bizarka ta ƙare kana ciki. Kar ka manta da namu ɓangaren ma, Disamba da Janairu hazo yana hana jirgi sauka a Kano, ka bar tazara mai kyau in zaka canza jirgi a Abuja ko Legas.

In ba makawa sai cikin zafin

Ɗalibi da makaranta ta sa wa rana, ko mai bikin ɗan uwa, ba yadda zaiyi. Sai ka koma tarbiyyar gida kawai. Fita bayan asuba, dawo kafin sha ɗaya, kayi ƙailula, ka sake fita bayan la'asar sosai. Labule da taga a rufe da rana, a buɗe da dare. Ɗaki a hawan ƙasa ko tsakiya, banda na ƙarƙashin rufi. Kayanmu na gida masu faɗi, farar shadda mara nauyi ko yadi, sun fi wando matsattse da mutum ke sakawa don wai ya zo Turai. Ka tafi da 'yan fakitin ORS, in babu ka haɗa da kanka, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, ya ga likitansa kafin tafiya, mai allurar insulin kuma kar ya barta a mota ko a rana. In kaga wani ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado, jiki zafi rau, wannan ya wuce a bashi ruwa a jira, a kai shi inuwa a yi ta zuba masa ruwan sanyi ana fifita, a kira 112, lambar gaggawa ce a duk Tarayyar Turai da Turkiyya, kyauta ce. Amurka da Kanada 911.

In kuma wuta ce ta taso kusa, wayarka zata iya yin wata irin ƙara da saƙon hukuma ko da layin Najeriya ko Nijar ne a ciki, Girka suna turawa da yarensu da Turanci, kar ka share ka ɗauka talla ne. In sunce a tashi, a tashi a lokacin, ba sai an gama haɗa tsaraba ba. Fasfo, magani, caja, fawa bank, ruwa, kuɗi a hannu, takunkumin N95 ko FFP2 don na kyalle baya tare hayaƙi, duk su kwana a ƙaramar jaka ɗaya kusa da ƙofa. Bi hanyar da 'yan sanda suka nuna, banda wadda taswirar waya tace tafi kusa. A Pedrogao Grande ta Fotugal a Yunin 2017 mutum 66 suka mutu, mafi yawansu a kan titi ɗaya da ya ratsa daji, suna gudu a mota wuta ta rutsa da su. A Mati kusa da Atina a Yulin 2018 sama da mutum 100, motoci sun cushe a lungunan da ke gangarawa teku. Tun ranar da ka sauka ka tambayi mai masauki hanya nawa ce ke fita daga unguwar, in ɗaya ce tal kuma bishiyoyi sun rufe ta hagu da dama, ni dai a watan Agusta bazan kwana a nan ba komai kyan hoton. Kuma wuta tafi gudu in tana hawa tudu, kar ka gudu sama.

Sai abu ɗaya da ya shafe mu musamman, mu da son gashi. An haɗu 'yan gida a ƙasar waje, an samo rago, wani yace ai ga wani fili can bayan gari mai bishiyoyi mu kai gawayi. A ranakun haɗari wannan laifi ne babba a ƙasashen nan, tara mai nauyi, in wuta ta kuɓuce kuma kotu ce da kurkuku, ba wanda zai saurari "ban sani ba". Haka guntun sigari ta tagar mota, haka gawayin shisha a baranda. Hajiya kuma turaren wuta a haƙura da kasko a ɗakin otal, na'urar da ke manne a silin ɗin nan hayaƙi kaɗan take jira, zata tara miki duk mutanen ginin a waje da motar kashe gobara, a tafi da humra ta wadatar har a dawo gida.